Tsohon da ke Cikin Rediyon Thaddeus

Ni Lukmanu, batir da ƙwan fitilar mota nake sayarwa a kasuwar Gudu. Langa-langa ɗaya ce tsakanin shagona da na Thaddeus mai gyaran rediyon mota, don haka duk abin da ya kunna sai na ji, ko ina so ko ba na so. Mu 'yan layin Tadi muke ce masa, saboda cikakken sunan yana karya mana harshe. Shi kuma bai taɓa kirana Lukmanu ba, sai Malam, ko da yake na sha gaya masa karatuna bai kai nan ba.

Mutumin wani ƙauye ne kusa da Zonkwa. Ya shigo Abuja farkon mulkin farar hula, lokacin da kowa ya ɗauko jakarsa ya taho, ya kama ɗaki a Jikwoyi shi da matarsa Lucia, wadda ta samu aikin shara a wata ma'aikatar tarayya. Gajere ne mai kauri, ga shiru kamar wanda aka yi wa laifi. Sai ku wuni tare bai ce maka komai ba ban da gaisuwa. Amma kunne Allah ya ba shi. Tasi za ta wuce bakin titi da kiɗa, ya ɗago kai ya ce lasifikar baya ta yage, ya ci gaba da aikinsa.

Shekarun nan kasuwa ta yi mana daɗi. Ma'aikatan gwamnati sun samu sararin sayen mota, tokumbo, wato motar hannu ta ƙasar waje, sai kwararowa take daga Kwatano, kuma kowace mota da tarkacen tsohon mai ita take zuwa: tabarau mai ido ɗaya, alewa da ta narke a aljihun ƙofa, takalmin jariri, kaset. Al'adar layinmu ita ce abin da aka tsinta a cikin rediyo na mai gyara ne, sai dai in mai motar ya tambaya. Tadi yana da kwali guda cike da irin waɗannan kaset-kaset, bai taɓa sauraron ko ɗaya har ƙarshe ba. Gwaji kawai yake yi da su.

Wata ranar Asabar da hantsi Hajiya Mashkura ta kawo motarta. 'Yar Katsina ce, babbar ma'aikaciya, kuma tsohuwar mai sayen batir a wurina, ni na haɗa ta da Tadi. Motar daga Amurka aka kawo ta, kaset ya maƙale a rediyon, makunnin rage murya kuma ya karye. Da ta murɗa makulli sai kiɗa ya tashi, ba halin kashewa.

"Oga Tadi, don Allah raba ni da wannan masifar," in ji ta. "Jiya ina shiga ofis mai gadi ya ɗauka biki na zo. Plis, yau nake so."

Yadda ake yi sananne ne. A zura sikundireba ta bakin rediyon, a ɗaga kaset ɗin da ƙarfi, zaren da ya naɗe a yanke shi da reza, a jefar. Tadi ya shiga motar da sikundirebarsa a hannu, ya murɗa makulli don ya ji matsalar tukuna. Daga nan bai fito ba. Ina tsaye da Hajiya muna zancen tsadar haya, har zancen ya ƙare, shi yana zaune a kujerar direba da ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje. Hajiya ta dube ni, na dube ta.

Can ya fito ya ce, "Hajiya, rediyon nan ya tsufa. Bari in sa miki sabo mai faifai. Wannan ki bar mini shi haka, da kaset ɗin a ciki."

"Ɗauka mana. Wa zai yi rigima da kai a kan wannan?"

Ya kwance rediyon a hankali, ya rungumo shi zuwa shago. Ya roƙe ni wani tsohon batir da ke ƙarƙashin teburina, ya haɗa waya, ya ɗora rediyon a kan kanta ta sama inda ba mai kaiwa sai da kujera.

Zan faɗi abin da kunnena ya ji, don ni ba masanin kiɗan Turawa ba ne. Irin wanda suke kira rok ne. Jita ce ke farawa, ba mai daɗin nan ta 'yan soyayya ba, wata mai gurnani kamar janareta da ya sha ruwa. Sai ganga ta shigo da nauyi, a hankali, ba gaggawa. Sannan murya. Muryar tsoho ce, mai kauri, tana ɗan rawa, yana jan kowace kalma kamar ba ya son rabuwa da ita. Ranar farko raina ya ɓaci. Na buga langa-langar na ce, "Tadi, mutuwa aka yi?"

Ya zagayo shagona, abin da ba ya yi. Ya ce, "Malam, waƙan coci ne fa."

"Wace irin coci? Na wuce cocinku ranar Lahadi, mata ne da tulu da kacau-kacau. Wannan ai kiɗan gidan giya ne."

"Shi ne abin da ya sa na zauna a motan," in ji shi. "Kiɗan na hotal ne. Amma ka ji sunan da yake kira? Yesu yake kira. Tun farko har ƙarshe."

Turancinsa ya fi nawa, don ya taɓa sakandare. Ya ce tsohon ba ya fitar da kalmomi sosai, amma ya kama wasu. A wata waƙar yana cewa ya yi nisa da gida, ya gaji, a zo a ɗauke shi. A wata kuma kamar Zabura yake karantawa. Ban gane me ya sa wannan zai girgiza ƙaton mutum ba, sai wata rana da Lucia ta aiko da gwate a kula, muna ci, ya ba ni labarin.

Ashe Tadi makaɗi ne. Tun yana saurayi shi ke kaɗa jita a cocin ƙauyensu. Da ya tafi Kaduna neman abinci bai samu komai ba sai wata ƙungiya mai wasa a hotal, ya yi shekaru da su, can ya koyi jita mai wuta. Da ya koma gida wata Kirsimeti ya ɗauki jita zai hau gaba, wani dattijo ya tare shi a gaban jama'a ya ce hannun da ya kaɗa wa mashaya ba zai kaɗa wa Allah ba. Mahaifiyarsa tana zaune a layin mata tana ji. Tadi ya ajiye jitar a nan, ya fita. Ya sayar da tasa, ya koyi gyaran rediyo, kuma tun daga ranar a bencin baya yake zama a kowace coci. Ya ce shi kansa ya yarda da maganar dattijon, wannan ne abin da ya fi ci masa rai.

"To ga wani tsoho," ya ce, yana nuna kanta da cokali, "yana kiɗan da na iya, yana kiran Allah da shi, kuma ƙasa ba ta haɗiye shi ba."

Daga nan ya raɗa masa suna Baba. Idan kasuwa ta lafa bayan la'asar sai ya hau kujera ya kunna Baba. Rediyon irin mai juya kaset da kansa ne, in fuska ɗaya ta ƙare ya yi ƙas ya koma ɗaya, saboda haka ba a bukatar fito da shi. Da an kira salla zai kashe, ba wanda ya taɓa ce masa ya yi hakan. Har kamannin Baba ya zana mana da baki: baƙin mutum ne, dogo, mai farin gemu, ya sha giya a ƙuruciya, ya binne mata ko ɗa, sannan ya tuba. Na ce, "Kai da ba ka ga ko kwalin kaset ɗin ba, ina ka samo gemu?" Ya ce ana jin gemun a murya.

Ni dai Musulmi ne, abin da Baba ke faɗa ba addinina ba ne, kuma ban taɓa ɓoye wa Tadi haka ba. Amma shekara da shekaru kana jin abu ta bayan langa-langa, dole ya shige ka. Akwai wata waƙa da ke zuwa bayan kaset ya juya, ganga ta yi shiru, a bar tsohon da jita kawai. Idan ta zo nakan samu kaina na daina abin da nake yi. Tana tuna mini da kakana a Zariya lokacin da ƙafa ta hana shi fita, yana zaune a zaure yana jan carbi. Ina son waƙar nan, ba zan yi ƙarya ba.

Tsoro ɗaya Tadi yake da shi a duniya, kada zaren kaset ɗin ya tsinke. Bai san sunan mawaƙin ba, bai san sunan kaset ɗin ba, domin rubutun yana ciki inda ido ba ya kaiwa. In ya tsinke, babu inda zai je ya ce a ba shi wani. Rediyon ya ɗan yi ƙara, sai ka ga ya watsar da aikin mutane ya haye kujera. Mutumin da ke farke cikin rediyo iri-iri kullum, wannan ɗaya ko murfinsa bai taɓa buɗewa ba. Ya manne maɓallin fitar da kaset da salatif, ya rubuta kada a taɓa da Hausa da Turanci.

Ana haka ya sayi jita ta hannu a Nyanya. Da farko a ɓoye yake koyo, ya rage murya, har yatsunsa suka tuna aikinsu. Ya bi Baba waƙa bayan waƙa, ya sa musu kalmomin Hausa nasa. Muryarsa ba ta kai ta tsohon kauri ba, amma yana ƙoƙarin jan kalma yadda yake ja. Lucia ta ji shi a gida ta tasa shi a gaba. Ita ba ta da shirun mijinta ko kaɗan, 'yar gaba ce a zumuntar mata, kuma ta gaji da ganinsa a bencin baya. Ta ce bikin godiya na bana sai ya kaɗa a coci, ko ita ta je ta faɗa wa dattawa da bakinta. Ya ce a'a. Ta je ta faɗa.

Dattijon da ke kula da waƙa a cocinsu na Jikwoyi sunansa Albert, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya yi ritaya. Ba mugu ba ne, amma mutum ne mai doka. Ya tako har Gudu da lemarsa, ya zauna a bencin Tadi, ya ɗora hula a gwiwa, ya saurari Baba tun daga farko har kaset ya juya ya ƙare. Ni ina bakin ƙofa, na ƙi tafiya.

"Waƙan yana da kyau," in ji Albert. "Zancen hotal kuma ni ba ruwana, wanda bai taɓa zunubi ba ba ya bukatan coci. Amma wane ne mai waƙan?"

"Ban sani ba, Baba Albert."

"Wane coci ne nasu?"

"Ban sani ba."

"To ka fitar da kaset in ga rubutu."

Tadi ya ce kaset ɗin a maƙale yake. Albert ya dubi allon da ke saman shagon, inda aka rubuta ana gyaran kowane irin rediyo, ya sake duban Tadi. Sannan ya ba mu dalilinsa. Wata shekara wani matashi ya kawo musu sabuwar waƙa mai daɗi, ƙungiyar mawaƙa ta koya, aka rera a gaban baƙi daga hedikwata. Ashe karin na tallar giya ne da ake sawa a talabijin ta tauraron ɗan'adam, matashin ya canza kalmomi kawai. Baƙi suka yi ta dariya a cikin hankici. Tun daga nan dattawa suka yanke cewa ba a rera waƙa a cocin sai an san mai ita.

"Ba na zarginka, ɗana," ya ce yana tashi. "Amma kunne kaɗai ba shaida ba ne. In na ga suna da idona, ka kaɗa. In ban gani ba, ka yi haƙuri."

Satin nan Tadi bai yi aikin kirki ba. Yana son hawa gaban cocin nan fiye da yadda zai iya faɗa, yana kuma tsoron taɓa rediyon. Ya rame a ido. Na ce masa, "Kai ma da sanin aiki, ka naɗi waƙoƙin a wani kaset mana kafin ka buɗe. In ya tsinke kana da madadi."

Ya girgiza kai. "Malam, kwafi daga wayan lasifika duk shuu ne. Ba zan yi wa Baba haka ba. Na riga na san yadda zan yi. Kaset ba zai ji komai ba, rediyon ne zai mutu. In ya fito lafiya sai in kwafa mai kyau a babban inji, har kai in ba ka."

A sana'arsu haka tunanin yake. Rediyo ƙarfe ne, akwai dubunsa a Gudu, abin da ke cikin kaset shi ne dukiya. Ni ma da ya faɗa sai na ga ya fi ni gaskiya.

Ranar Asabar da safe ya rufe rabin ƙofar shago, ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur. Maimakon ya jawo kaset ɗin daga cikin rediyo, sai ya cire rediyon daga jikin kaset ɗin. Ya kwance abin da ke kwancuwa, wanda ya ƙi ya datse da almakashin ƙarfe, ya karya haƙoran roba da filaya, ya yanke bel, siririn zoben roban nan na ciki, ya fizge ɗan injin da ke juya zare ya jefa a kwali. Gumi har gwiwar hannu. Kafin azahar babu sauran rediyo, sai kaset a tsakiyar ƙyalle, zarensa lafiya lau ko ƙwarzane babu. Ana cikin haka Ɗangoggo mai sayen gwangwan ya biyo layin da kurarsa kamar yadda ya saba, Tadi ya tura masa kwalin tarkacen rediyon da ƙafa ba tare da ya ɗago kai ba.

Rubutun ya koɗe amma yana karantuwa. Ga sunan ƙungiya, wanda har yau bakina bai iya ba, ga sunayen waƙoƙi, ga ɗan gicciye a gefe, ga shekara. A ƙarshen shekarun saba'in aka buga shi, lokacin Tadi yana firamare. Ban taɓa ganin haƙoransa duka a waje ba sai ranar. Ya ɗauko sabon rediyo fil daga kwali, ya haɗa, ya sa kaset ɗin da hannu biyu.

Abin da ya fito ba Baba ba ne. Ganga ce ke gudu, jita tana ihu a sama, sai wani yaro mai siririyar murya ya shigo da zafinsa kamar ana korarsa. Karin dai shi ne, na gane shi, amma an ɗaure shi a bayan babur.

"Wannan rediyon yana gudu," in ji Tadi. Ya cire, ya sa a wani. Haka. Ya sa a na uku. Ya fita ya sa a motar wani mai jiran gyara, ya zo ya karɓi makullin akwalar motata ya sa a nawa. Duk yaron nan ne. Ya dawo ya zauna a benci, kaset a hannu.

"Bel ne," ya ce daga baya, a hankali. "Bel ɗin ya saki. Injin ma ya gaji. Shi ya sa yake jan shi."

Babu wani tsoho. Tsohon rediyon Hajiya ne yake jan zaren da sanyin jiki, ya mai da muryar yaro ta dattijo, ya mai da gudu tafiya. Mutumin da ke gane ciwon rediyon tasi daga tsallaken titi bai gane na kan kantarsa ba, saboda da waƙoƙin da ya sani yake kama rediyo mai ja, wannan kuwa bai taɓa jin ta a wani wuri ba. Kuma yana son ta a yadda take, bai taɓa sauraron ta da kunnen aiki ba.

Ya tashi da gudu ya bi Ɗangoggo. Ya same shi a inda suke tara kaya bayan kasuwa, an riga an auna, an juye kwalin a cikin tulin ƙarafa da ya fi mutum tsawo. Ɗangoggo ya taya shi tonawa har la'asar, yana tambaya ko zinariya ce ta faɗa ciki. Ko sun samu ma me za a yi da shi, bel ɗin da hannunsa ya yanke. Ya dawo da yatsu duk yanka. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji haushin duniya, don ni ma an raba ni da wani abu.

Albert kuwa ko sauraro bai sake yi ba. Lucia ta kai masa kaset ɗin, ya sa tabarau, ya karanta sunayen waƙoƙin, ya ga gicciye, ya ce shi ke nan, a gaya wa Thaddeus ya zo gwaji ranar Alhamis.

Na je Jikwoyi ranar bikin godiyar, don Lucia ta ce in ban zo cin shinkafa ba kada in ƙara gaishe ta. Ban shiga ba, na zauna a inuwar wani shago da ke kallon tagar cocin. An shigo da doya da buhunan masara da kaji, har da wani mai ɗauke da fanka sabuwa a ka. Can na ji jita ta yi gurnani, cocin ta yi tsit. A hankali ya kaɗa, yadda ya koya, ba yadda ke cikin kaset ba. Ya rera da kalmominsa na Hausa. Da ya gama sai guɗa ta tashi daga ɓangaren mata, na san ta Lucia a ciki. Tun daga ranar shi ne mai jitar cocin, bencin baya ya samu wasu.

Bai yar da kaset ɗin ba. Wata biyu ko uku bai taɓa shi ba, sannan ya fara sawa. Ya je shagon intanet a Nyanya aka nemo masa hoton ƙungiyar: Turawa huɗu, samari, gashi har kafaɗa, ko mai gemun kirki babu. Ya manna hoton a bango. A hankali ya fara ba su haƙƙinsu. Ya ce yanzu kalmomin suna fita sarai, kuma yawancin abin da ya fahimta daidai ne. Ya nuna mini inda jita biyu ke amsa wa juna, abin da da can ya cakuɗe ba a ji. Ya ce mai gangar nan ba ƙaramin gwani ba ne, kuma a zamaninsu su ma tabbas wani dattijo ya tare su a ƙofar coci. Ya kwafa ya raba wa matasan cocinsu, suna so ƙwarai.

"Yaran sun iya," ya ce mini, yana nuna hoton bango. "Ina son su. Sai dai suna cewa sun gaji, amma ba su gaji ba tukuna."

Abin da mutanen cocin ba su sani ba, ni na sani saboda langa-langa. Duk tsohon rediyo mai kaset da aka cire daga mota, yanzu da kowa ya koma faifai, Tadi ba ya ba Ɗangoggo. Yana tara su. In kasuwa ta lafa sai ya ɗauko ɗaya mai lafiya ya lalata shi da gangan. Ya jiƙa bel a ruwan zafi ya ja shi ya saki, ya murɗa injin ya rage masa ƙarfi, ya sa kwafin kaset ɗin ya saurara. Muryar takan yi kauri, gangar takan yi nauyi. Amma na Hajiya ba ja kawai yake ba, yana da wata rawa tasa, ya ja nan ya saki can, irin lalacewar da shekaru suka yi, ba hannu ba. Wani ya fito kamar maye, wani kamar mai mura.

Ran nan bayan la'asar ina jera batir sai na ji ya kunna wani. Ya kai wurin da ganga ke shiru a bar murya da jita. Ya yi kusa ƙwarai, har na tsaya da batir a hannu. Sai ya ƙwanƙwasa langa-langar.

"Malam, ka ji? Shi ne?"

Na so in ce masa shi ne, ya huta. Na saurara har waƙar ta ƙare.

"Ba shi ba ne, Tadi."

Na ji ya zare waya, shagon ya yi shiru.

"Na sani," in ji shi ta bayan langa-langar. "So nake in ji ko kai ma kana tuna muryan shi. Mu biyu ne kawai muka san shi sosai."